Jifa Na Biyu

Warin ne ya riga komai isowa gare ni. Muna tsaye a wurin sauke kaya na filin jirgin Doha, wajen ƙarfe goma na safe, zafi ya fara dukan ƙeya, sai iska ta kwaso min wani abu da ba shi da haɗi da man jirgi ko kwalta: gumin doki, haɗe da ciyawar da fitsari ya jiƙa. In ka taɓa zama kusa da barga, ka san shi. Ba ƙamshi ba ne, amma zuciya ba ta yarda ka kira shi wari.

Shekarata huɗu a wannan aiki. Na sauke kifi, na sauke furanni, na sauke injina, amma ban taɓa sanin dawaki ma jirgi suke hawa ba. Aka sauko da wani ƙaton akwatin ƙarfe mai 'yan tagogi, dawaki uku a ciki. Ɗaya yana ta dukan bango da kofato, yana huci irin na dabbar da ta tsorata, ba wadda ta yi fushi ba. Ta tagar na hango idonsa, farin duk ya fito. Masu kula da su suka taru a gabansa, kowa yana yi masa magana. Ni kuwa ƙafata ta ɗaga da kanta. Na san abin da yake so: a yi shiru, mutum ɗaya ya tsaya ta gefen kafaɗarsa, ya ɗora tafin hannu a wuyansa ya bar shi a nan. Sai dai akwai jan layi a ƙasa, kuma katin da ke rataye a wuyana bai ba ni izinin tsallake shi ba. Sufabaizanmu ya tafa hannu, "Yalla, yalla," wato mu yi sauri, muka koma kan kwalayenmu. Aka ja akwatin aka tafi da shi, yana duka har sautin ya ɓace.

Ranar nan, da kawuna na yini a raina.

Bari in faɗa maka tun yanzu, don a rubuce ba za ka gane ba: ni mai in'ina ne. Yanzu ta yi sauƙi, ba ta tashi sai raina ya ɓaci ko an tsare ni da ido. Amma ina yaro, kalma takan zo har bakin haƙorana ta tsaya, in yi ta kokawa da ita, jijiyar wuya ta miƙe, ido ya kawo ruwa, yara su zagaye ni suna kwaikwayona. Da na ga baki ba ya yi min aiki, sai na koma wa hannu. Kafin in cika shekara goma sha ɗaya, babu gidan da bai kawo ƙarata ba a unguwarmu. Ta ƙarshe, na fasa wa ɗan maƙwabcinmu goshi da dutse. Mahaifina ya yi dukan da zai iya har ya gaji. Mahaifiyata ce ta ce a kai ni wurin yayanta.

Ƙauyen Kawu yana can arewa da garinmu, tafiyar rabin yini, a bakin wata ƙorama da ba ta riƙe ruwa sai da damina. Gajeren mutum ne, gwame, babban yatsansa na dama a karkace, igiya ce ta taɓa karya shi. Sana'arsa horar da dawaki. Mai duƙushin da bai taɓa ɗaukar mutum ba, ko mai dokin da ya gagara, shi ake kawo wa. In ana biki a ƙauyukan yankin kuma, shi da samarinsa ake kira su yi wasan doki bayan la'asar: tsayuwa a kan doki yana gudu, ɗaukar hula daga ƙasa, sakin duƙushi a fili a kamo shi da igiya. Samarin nan, daga baya na gane, kusan duk irina ne. Wani ya fara ɗauke-ɗauke, wani ya ƙi gona, wani ya ɗaga wa ubansa hannu. Iyaye ba sa cewa sun kawo yaro gyara. Sai su ce, ga shi nan ya riƙa taya ka yankan ciyawa.

Ranar da aka kai ni, na shirya wa faɗa da nasiha. Bai tambaye ni komai ba. Ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya shiga zaure ya fito da igiyar rama mai ɗaurin zarge a baki, ya nuna min wani kututturen giginya a bayan gida. Ya kaɗa ta sau uku a saman kansa, tana kuka a hankali, ya sake ta, ta sauka a wuyan kututturen kamar an ɗora da hannu. Ya miƙo min ya tafi abinsa.

Wata uku ban hau doki ba. Farkon damina ne. Da sassafe mu kwashe kashin dawaki, mu fita yankan ciyawa raɓa tana jiƙa mu har gwiwa, mu dawo mu dama dusa da kanwa, mu hura hayaƙi a gefen turaku saboda ƙuda. In aka gama, kowa ya kama gabansa, ni in koma wa kututturena. Igiyar in ta sha danshi nauyi take yi, ta ƙi buɗe baki, ta faɗi a gabana kamar mataccen maciji. In jawo, in naɗe, in sake. Matar Kawu, wadda duk muke kira Iya, takan leƙo ta katangar zana ta ajiye min dafaffiyar masara ba tare da ta ce komai ba. Gidan ba gidan yawan magana ba ne, kuma wannan ne abu na farko da ya fara kwantar min da rai. In na fara magana ta sarƙe, Kawu ba ya ƙarasa min, ba ya kuma kallon bakina. Sai ya ci gaba da tufkar igiyarsa a cinya, yana jira, kamar ba shi da wani aiki a duniya.

Ba wai na shiryu nan da nan ba ne. Wata rana ɗaya daga cikin samarin ya kwaikwaye ni a gaban 'yan mata a bakin rijiya. Ya fi ni ƙarfi, ban iya taɓa shi ba. Na dawo gida zuciyata tana tafasa, na je kwance wani duƙushi da aka ba ni kulawarsa, ya ɗan ja baya, sai na zabga masa igiya a fuska. Ban san Kawu yana bayana ba. Na runtse ido ina jiran mari.

Ya ce, "Shi ma dariyar ya yi maka?"

Na girgiza kai.

"To zauna nan. Kada ka tashi sai ya ci a hannunka."

Kwana huɗu na yi ina zuwa gindin turken nan tun safe, da dusa a tafin hannu. In na matsa, ya ja igiyarsa har ƙarshe, jikinsa yana rawa, yana kallona ta gefen ido. Duk dukan da na sha a gidanmu bai shige ni kamar wannan kallon ba. Ban taɓa zama na ga abin da hannuna yake bari a bayansa ba sai a lokacin. A yini na huɗu, bayan azahar, barci ya fara fizgata, sai na ji ɗumin numfashi da laushin leɓe a tafina. Ban motsa ba. Hawaye ne kawai suka zubo, na bar su.

Da kaka ta yi, ruwan ƙorama ya janye ya bar yashi fari tas, mai laushi kamar gari. Nan ne makarantarmu. Iska cike da ƙamshin harawa da ake ɗaurewa a kan bishiyoyi, dawaki sun ƙoshi suna sheƙi. Aka ɗora ni a kan wani tsohon akawal, baƙin doki mai haƙuri wanda duk samarin a kansa suka koya. Faɗuwa Kawu ya fara koya min kafin zama: yadda za ka saki komai, ka dunƙule, ka mirgina nesa da kofato. Sai da na iya faɗuwa ba tsoro sannan aka sa sirdi. Daga nan aka fara ajiye hula a kan tulin yashi, a ce in ɗauko doki yana tafiya, sannan yana sassarfa, sannan a guje. Kullum ana rage tulin, har ya zama hular a ƙasa take. Ka zame ta gefe, ƙafa ɗaya a likkafa, hannu ɗaya cikin geza, ƙasa tana gudu a ƙarƙashin kuncinka, ka miƙa yatsu. Ranar da na fara tasowa da hular a hannuna, na yi ihu. Ihu ba ya sarƙewa. Samarin suka yi min tafi, har da wanda ya kwaikwaye ni a bakin rijiya.

A bazarata ta uku a gidan, wani mai shanu ya kawo wata goɗiya ja mai farin goshi. Kyakkyawa ce, amma mai firgita. Ko ganye ya faɗo sai ta zabura. Kawu ya yi makonni yana lallaɓa ta har ta yarda da sirdi. Ranar da zai fara fita da ita ta faɗo ranar kasuwa, samari duk sun tafi, sai ni. Ya ce in hau akawal in biyo shi a baya da igiya, kamar yadda ake yi wa duk sabon hawa.

Hantsi ya ɗaga, garin ya yi tsit da zafi, hadari yana haɗuwa can gabas yana watsewa. Muna tafe cikin yashi, goɗiyar tana tafiya lafiya lau, har Kawu ya waiwayo ya ɗaga min gira. Sai fakara ta tashi fir daga cikin sabara, daidai ƙarƙashin hancinta. Ta yi tsalle gefe guda, ta miƙe tsaye. Faɗuwa ba baƙon abu ba ne ga Kawu. Amma ranar ƙafarsa ta hagu ta zurma cikin likkafa har idon sawu. Goɗiyar ta ji abu yana jan ta ta gefe, ta zuba a guje, tana jan sa a ƙasa.

Na saki wa akawal linzami. A gabanmu akwai inda gaɓar ƙorama ta zube, inda shanu suke haurawa, bayan nan kuma ba yashi, sai marmara da duwatsu. Can ta nufa. A gindin mahaurar akwai mutum uku suna haƙar ruwa, kansu a sunkuye, yashi kuma ya shanye ƙarar kofato. Da sun ɗago sun tsaya a mahaurar, da ta juya ta dawo cikin yashi. Kalma biyu kawai ake buƙata: ku tare.

Na buɗe baki. "Ku... ku... ku..."

Ko iska ba ta fita ba. Maƙogwarona ya kulle kamar an shaƙe ni. Da na ga haka sai na kaɗa igiya na jefa, alhali ban isa kusa ba. Ta sauka a kan kuturinta ta zame. Kafin in jawo, in naɗe, in buɗe bakin zargen, ta wuce mutanen ta haura. Ina ganin kan Kawu da bayansa suna dukan duwatsun nan. A jifa na biyu na same ta a wuya. Na naɗa igiyar a goshin sirdi, akawal ya kafe ƙafafunsa, igiyar ta bi ta tafin hannuna ta kwashe fatar, goɗiyar ta durƙushe.

Mutanen suka iso da gudu suna salati, aka zare ƙafar. Rigarsa ta yayyage, bayansa duk jini da tsakuwa, amma idonsa a buɗe. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ku sassauta mata igiyar, za ta shaƙe." Aka sassauta. Ya kalli sama, sannan ya ce, "Ƙafafuna fa, suna nan?"

Mai ɗori ya zo ya ɗaure karayar ƙafa, ya shafa bayan, ya girgiza kai. Aka kai shi asibitin birni, ya yi kwanaki, aka dawo da shi a kwance. Daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba har ya bar duniya. Aka yi masa shimfiɗa a ƙofar zaure, ƙarƙashin darbejiya, inda yake iya hango turaku. Iya ce take juya shi, take wanke shi. Mutane suna zuwa dubiya suna cewa ƙaddara ce, wasu har suna shafa kaina suna yaba min. Babu wanda ya san akwai kalma biyu da suka maƙale a wuyana. Ni na sani. Na daina magana gaba ɗaya, na daina taɓa igiya. Ciyawa kawai nake yankowa in zube, in bi ta bayan gida don kada in wuce ta gabansa.

Sai da aka yi ruwan farko aka yi shuka sannan ya aika Iya ta kira ni. Na durƙusa daga nesa. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa.

"Matso, ɗan ƙanwata. Jifa nawa ka yi ranar?"

Na ɗaga yatsu biyu.

"Da baki nake tambayarka."

Na daɗe ina fama. Ya jira. Da ƙyar na ce biyu.

"Na farkon me ya same shi?"

Nan ne abin ya ɓalle. Na faɗa masa komai, a yanke a yanke, ina kuka, ina haɗiyar majina: mutanen da ke haƙar ruwa, kalmar da ta ƙi fita, jifan da na yi tun ban isa ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, na dai san inuwar darbejiya ta matsa daga kanmu. Bai katse ni ko sau ɗaya ba. Bai kuma ce min ba komai ba, don ya san ba zan yarda ba.

Ya ce, "Haka ne, ka yi sauri. Da ka bari ka ƙara taku goma, da ka same ta." Ya yi tari. "Amma ka sake jefawa. Da ka tsaya kuka a kan na farko, da yanzu an yi sadakar arba'in ɗina an watse. Je ka kwanto ta."

Ashe ya hana a mayar wa mai shanun goɗiyarsa. Ya ce an kawo masa aiki, kuma ba a gama ba.

Ni na gama shi. Yana kwance yana ba ni umarni da murya, wani lokaci da ɗaga yatsa kawai. Na tsane ta da farko, ita ma tana jin haka a hannuna. Muka yi damina guda muna zagaya juna a filin gaban zaure. Na riƙa kaɗa mata tsumma, ina jefa mata kwando a gaban ƙafa, ina sakin kaji a ƙarƙashinta, har ta daina zabura. Da kaka ta zagayo, a kan goɗiyar na fara miƙewa tsaye, ƙafafuna a kan sirdi, linzami a hannu ɗaya, ƙorama tana wucewa ta ƙasana. A bikin farko da aka kira mu bayan nan, samari suka ɗora Kawu a amalanke, aka jingina shi da buhun harawa a bakin fili. Na ɗauki hula, na tsaya a kan goɗiya, na kamo duƙushi da jifa ɗaya. Mata suna guɗa. Na sauka na je gabansa ina haki, ina jiran abin da zai ce.

Ya ce, "Kana riƙe numfashi in za ka miƙe. Tana ji. Ka daina."

Amma ya kama hannuna, wanda igiya ta bar wa tabo, bai sake shi ba har aka tashi.

Na yi shekara tara a gidan. Na shiga ina yaron da ake rufe ƙofa in an hango shi, na fito ina mutumin da ake ba amanar dabba da 'ya'yan mutane. In'inar ba ta tafi ba, amma na daina jin kunyarta, kuma da na daina sai ta rage. Sai dai duniyar da aka horar da ni dominta tana naɗewa tun ina cikinta. Angwaye suka koma son jerin babura da motoci. Aka killace bakin ƙorama aka yi lambuna. Sannan aka fara satar dabbobi a yankin, ya zama ajiye doki jawo wa kai masifa ne. Masu kawowa suka daina kawowa. Akawal ya mutu da tsufa. Kawu ya rasu shekarar da ɗana na fari yake rarrafe, kuma ranar da muka kai shi makwancinsa, turakun gidan duk babu komai a jikinsu. Na koma birni, na yi dako, na yi gadi, har Allah ya kawo hanyar nan.

Ɗan nan nawa yanzu shekararsa goma sha biyu, kuma ya gado ni. Tun yana ƙarami na ji alamar a bakinsa, na yi ta addu'a Allah ya sa ta tsaya a kaina. Ba ta tsaya ba. Bara aka fara kiran mahaifiyarsa makaranta. A kira na uku, haƙorin wani yaro ya cire da naushi. Ta turo min saƙon murya ina cikin motar kamfani za mu aiki, muryarta a gajiye.

"Malam, ni dai na rasa yadda zan yi. Sun ce kada ya dawo. Yaya ya ce a kawo shi garejinsa ya koyi gyaran babur, ko ba komai yana gabansa. Ka ce wani abu."

Na san abin da ke damun yaron nan kamar yadda na san tafin hannuna. Na san maganin ma, don na sha. Amma ina zan tura shi? Na roƙe ta ta ba ni wata ɗaya. Na ce ta nemo igiyar rama. Ta zaga kasuwa, duk ta roba ce, da ƙyar ta samu wurin wani tsoho mai sayar da kayan rijiya.

Ranar Juma'a ce hutuna. Bayan an sauko daga masallaci, sai in zaga bayan masaukinmu, inda tankin ruwa yake ba da 'yar inuwa, in jingina waya da bulo, in kifa bokiti a gabana. Abokan ɗakina, wani ɗan Nepal da wani ɗan Uganda, su fito su tsaya suna kallon ikon Allah. Can gida kuma yarona yana tsakar gida, an kifa masa turmi. In kaɗa in jefa, in ce ya yi. Ya jefa da kafaɗa, da ƙarfi, kamar mai jifan kare. Ina ganin kuskuren sarai, amma kafin in ce ya sassauta hoton ya daskare, in ya dawo kuma ya riga ya sake jefawa ya sake kuskurewa.

Ba wannan ne ya fi ci min rai ba. A Juma'a ta biyu ya matso kusa da wayar, alamar yana son faɗa min wani abu. Hoton ya tsaya, na ji shiru. Na ce, "Kana ji na?" Shiru. Na ce, "Kai, kana ji na kuwa? Layin ne?" Sai hoton ya motsa, na ga jijiyar wuyansa a miƙe, idonsa ya kawo ruwa. Ashe ba layi ba ne. Kalma ce yake kokawa da ita, ni kuma ina ta tsoma masa baki. Ya dube ni, ya haɗiye ta, ya miƙa wa mahaifiyarsa wayar. Har yau ban san abin da ya so faɗa min ba. A waya ba ka iya yi wa mutum shiru. In ka yi, sai a zaci ka tafi.

Wani abokina direba, da yake aiki a wani gida a unguwar Al Gharrafa, ya taɓa ɗaukata zuwa Umm Salal, can bayan gari. A can akwai gonaki inda ake koya wa yara hawa. Na tsaya a bakin shinge na ga 'yan yara da hulunan kwano, kowa a kan dokinsa, yashin filin an share shi an yayyafa masa ruwa, wata 'yar ƙarama tana koyon sakin linzami ta buɗe hannuwa. Abin ya yi min kyau, wallahi, ban ji hassada ba. Na ɗauki hoton bidiyo na tura wa yarona, na ce ka ga irin abin da babanka yake yi da. Ya turo min alamar babban yatsa. Bai taɓa shafa doki ba a rayuwarsa. Turmi kuwa ba ya ja da baya in ka yi fushi, ba ya matsowa in ka huce.

A Juma'a ta huɗu bai fito ba. Mahaifiyarsa ta ce yana ɗaki, ya ce hannunsa yana ciwo. Na nemi a matso min da hutuna na shekara in je gida, aka duba aka ce lokacin yawan kaya ne, khalas, wato magana ta ƙare, sai nan da wata bakwai. Na kira ta na ce ta kai shi wurin yayan nata.

Yanzu yana garejin. Ta ce ya daina faɗa, don ƙarar injin ba ta barin kowa ya yi hira, balle a ji yadda yake magana. Yayanta mutumin kirki ne, kuma sana'a ce, na gode wa Allah. Sai dai ina yawan tunanin cewa ni da aka rasa yadda za a yi da ni, akwai inda aka kai ni: ga dattijo mai lokaci, ga fili, ga dabba mai rai da za ta nuna min halina ba tare da ta zage ni ba. Duk wannan ba wani abin a zo a gani ba ne a lokacin, kusan kowane yanki yana da irinsa. A cikin shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba ya ƙare, ba wanda ya yi shelar ƙarewarsa. Abin da aka zuba a hannuna yana nan, ban manta ko ɗaya ba, amma hannun yana nan yana ɗaga kwalaye, yaron kuma yana can.

Juma'ar da ta wuce muna magana da mahaifiyarsa, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. A bayanta na hango igiyar ramar, an ɗaure ta daga tagar ɗaki zuwa ƙusar katanga. An shanya wandonsa da rigarsa a kai, duk tabon baƙin mai wanda sabulu bai fitar ba. Ta ga idona ya kafe a bayanta, ta waiwaya ta ga abin da nake kallo.

"Au, igiyar ce, Malam? Tawa ce ta tsinke, na ga wannan tana da ƙarfi. In kwance?"

Na ce, "A'a, bar ta. Kayan ba su bushe ba."